Dannawa ta Uku

Dokar a rubuce take, an manna ta a bango kusa da randar ruwan sha: duk ma'aikacin da ya faɗa tarkon gwaji sau uku ya tattara nasa ya nasa. Ƙaramin banki ne na manoma, reshe a Kontagora, hedikwata a Minna, kuma daga can ake ɗana tarkon. Duk bayan wata uku sai wani saƙon ƙarya ya shigo wa ma'aikata, an yi masa kama da na 'yan damfara. Wanda ya danna linkin da ke ciki ya rubuta kalmar sirrinsa, an rubuta masa ɗaya.

Rumaisa tana da biyu. Na farko ta ɗauka takardar hutun shekara ce. Na biyu kuwa layi ne ya cika gabanta ranar kasuwa, tana sauri, hannu ya riga hankali. Kowa a reshen ya san tana da biyu, amma Tabita ce ta san nauyin da ke rataye da aikin. Mijin Rumaisa ya rasu tana da goyo, kuma aikin nan ne ya fito da ita da 'yarta Basma daga wani ƙauye a bayan Kaboji inda mutane suka daina kwana da ido biyu rufe. Aikin ne ɗakin haya, aikin ne makarantar Basma. In ya tafi, babu inda za su dosa sai ƙauyen.

Ita Tabita Badukkiya ce 'yar Tungan Magajiya ta ƙasar Rijau. Shekara huɗu teburinta na jingine da na Rumaisa, kuma 'yarta Treasure aji ɗaya take da Basma. Tabita ta yi kwas na wata shida a kan tsaron kwamfuta, a waya, tana karatu tana tuƙa tuwo. Da hedikwata ta duba kwamitin tsaro ta ga maza ne zalla, duk 'yan birni, sai aka ce a sa mace daga reshe. Sunanta ya fito. Ta yi murna sosai, kuma ba don kujerar ba. A ranta ta ce yanzu ga wanda zai yi magana da bakin irin su Rumaisa.

Zamanta na farko a ofishin manaja aka yi shi. Haliru, shugaban tsaro, ya zo daga Minna da kwamfutarsa da turarensa, manaja Silas na gefe yana share zufa. Haliru ya nuna musu tarkunan da aka yi amfani da su a baya: wani yana cewa kaya sun iso maka daga Turai, wani yana cewa ka ci kyautar wani kanti da ba a taɓa jin sunansa a Neja ba, duk da Turanci mai tsawo.

Dariya ta ƙwace wa Tabita.

"Madam, mun ba ki dariya ne?" in ji Haliru.

"Yi haƙuri, Oga. Amma wa zai aiko wa ɗan ƙauyen Ibeto kaya daga Turai? Ɓarayin da ke cin mutanenmu ba haka suke zuwa ba. Ba sa zuwa ta imel. Ta WhatsApp suke zuwa, da Hausa, su yi sallama, su tambayi gajiya. Wata tsohuwa a cocinmu da Dukanci aka kira ta, har sunan fastonmu aka ambata mata."

Haliru ya gyara zama. "Ci gaba, 'yar Rijau. Ashe da abu a bakinki."

Ta ci gaba, don ta ga ana sauraro, kuma ba kullum ake sauraron ta ba. Ta ce mutum ba don wauta yake dannawa ba. Ana kama shi ne ta inda yake da ciwo, a kuma hana shi lokacin tunani. Ta ce in ana son a kare ma'aikata da manoma, a tara su a yi musu bayani da harshen da suke ji, a koya musu abu ɗaya tak: duk saƙon da ya ce ka yi sauri, ka ajiye wayar ka kira wani tukuna.

"To ke," in ji Haliru, "mene ne zai sa ki danna, ke da kika yi kwas?"

Ba ta ko yi jinkiri ba. "A kira ni da sunan 'yata, a ce wani abu ya faru a makarantarsu. Oga, a ƙasar nan babu uwar da za ta tsaya duba adireshin linki in ta ji haka. Na san wata, in wayarta ta yi ƙara tsakanin takwas da ƙarfe ɗaya, sai ta dafe ƙirji kafin ta ɗauka. Kullum."

Haliru ya rubuta wani abu a littafinsa. Ya ce maganar koyarwa da Hausa magana ce mai kyau, za a duba. Tabita ta fito tana jin daɗi, har ta sayo wa Rumaisa awara a bakin ƙofa.

Sati biyar aka yi babu labarin koyarwa. Ranar wata Talata, wajen goma da rabi na safe, banki cike da manoma masu jiran takardun taki, wayar Tabita ta yi ƙara a cikin aljihun tebur. Lambar baƙuwa ce, amma tana ɗauke da tambarin bankin.

"Maman Treasure, ana harbi kusa da makarantar su Treasure. An kwashe wasu yara an ɓoye su. Banki na tattara sunayen 'ya'yan ma'aikata. Ki danna nan, ki shiga da kalmar sirrinki ta aiki, ki duba ko sunanta na ciki. Ki yi sauri."

Ta gane shi tun layin farko. Maganarta ce aka wanke aka goge aka dawo mata da ita. Ta ma san inda aka samo sunan yarinyar, takardar inshorar lafiya da kowa ya cike bara. Kanta ya san duk wannan. Amma wani abu a ƙirjinta yana ta cewa, to in gaskiya ne fa? In wannan karon ba Haliru ba ne fa?

Ba ta danna ba. Ta kira malamar ajin su Treasure. Ba a ɗauka ba, don malamai na ajiye waya a ofis lokacin darasi. Ta sake kira. Ta kuma sakewa. Sai a kira na uku ta tuna akwai wani mutum a duniya ban da 'yarta, ta juya.

Kujerar Rumaisa na juyawa ita kaɗai. Wayarta na kan tebur, wani ɗan da'ira yana ta zagaye a fuskarta saboda netwok ba ƙarfi. Wani tsoho da takarda a hannu ya ce, "'Yata, ita wannan lafiya? Ta yi salati ta fita a guje, ko jaka ba ta ɗauka ba."

Tabita ta ɗauki wayar Rumaisa, tana riƙe da ita shafin ya buɗe. Hoton kifi ne a bakin ƙugiya yana murmushi, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa wannan gwaji ne, an kama ka.

A cikin bankin hayaniya ta tashi. Jacob mai kula da takardun lamuni yana ihu a waya yana kiran matarsa. Happiness ta durƙushe bayan kanta tana kiran sunan Yesu. Tun farko Tabita ta sa hannu a takarda cewa ɗan kwamiti ba ya tona gwaji, amma ta hau kan kujera ta ɗaga murya.

"Ƙarya ce! Gwaji ne daga Minna! Babu abin da ya faru, kada kowa ya danna!"

Ta makara. Ta fita ta tsayar da ɗan acaɓa.

Tun daga kwanar makarantar ta ga abin ya wuce banki. Rumaisa ta taho a bayan babur ba takalmi tana kuka tana cewa ana harbi a makaranta, kuma a garin nan wannan magana ba ta bukatar shaida. Mai shayi ya ji, mai faci ya ji, kowa ya kira nasa. Mata sun fito da zani ɗaya, wata da ludayi a hannu ba ta san tana riƙe da shi ba. Maigadi ya ga taro ya rufe get da kwaɗo, rufewar ta ƙara tabbatar wa mutane cewa da wani abu. Ana dukan ƙarfe, ana kiran sunaye, yara a ciki suka ji ihu su ma suka fasa kuka. Sai da shugaban makarantar ya hau katanga ya rantse ya kuma rantsewa kafin aka lafa, aka buɗe ƙaramar ƙofa.

Tabita ta sami Rumaisa zaune a ƙasa a bakin aji, ta ƙanƙame Basma har yarinyar na cewa, "Umma, kina matse ni." Tafin ƙafarta ɗaya na jini. Ba Basma take kira ba, Auwal take kira, ƙaninta da aka ɗauke a hanyar gona shekara biyu da suka wuce, wanda har yau ba a ga ko hularsa ba.

Tabita ta durƙusa. "Maman Basma, babu komai. Kin ji? Babu komai. Gwaji ne."

Rumaisa ta ɗago ido. "Gwajin me?"

"Na ofis."

Rumaisa ta kalle ta kamar ba Hausa aka yi mata ba. Sannan ta ce a hankali, "Na sa kalmar sirrina."

"Na gani."

Treasure ta fito daga ajin da majina a hanci, ta faɗa jikin uwarta. Tabita ta shafa kan yarinyar, ta duba hannuwanta da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ita da ta san babu abin da ya faru.

Ranar Alhamis Haliru ya zo da kansa. A cikin ma'aikata goma sha bakwai masu yara, goma sha huɗu sun danna. Ya faɗi adadin kamar mai faɗin yawan buhunan da gonarsa ta bayar. A da, in ji shi, mutum biyu ko uku ake kamawa, ana ta yaudarar kai cewa reshen na da tsaro.

"Oga, ba don wannan na faɗa maka ba," in ji Tabita. "Cewa na yi a koya musu. Ka tambaye ni inda ke mana ciwo, na nuna maka, ka sa yatsa ka danna wurin."

"Madam, ɓarawo zai nemi izininki kafin ya danna? In ni ban yi ba, gobe wani zai yi, kuma shi ba hoton kifi zai nuna musu ba. Asusun manoma dubu nawa ne a bayan kalmar sirrin Rumaisa?"

"To ka koya mata tukuna, sannan ka gwada ta. Wace makaranta ce ake jarrabawa kafin darasi?"

"Shekara huɗu tana aikin banki. Sau biyu an yi mata gargaɗi."

"'Ya'yanka suna ina, Oga?"

"Suna Abuja wurin uwarsu. Me ya kawo wannan?"

"Babu komai. Na tambaya ne."

Manaja Silas ya yi gyaran murya. Shi ma ya danna, kowa ya sani, amma nasa na farko ne. Ya ce hukumar makarantar ta rubuto takardar koke, 'yan sanda sun zo sun tambayi wanda ya tayar da hankalin gari, hedikwata na son a nuna an ɗauki mataki. Rumaisa ta bar teburinta a buɗe da baƙi a gabanta, ta yaɗa jita-jita a titi, ga kuma dannawa ta uku.

"Jita-jitar wa?" in ji Tabita. "Ita ta rubuta? Da tambarin bankin nan saƙon ya zo. Mu muka ce ana harbi, ita ta yarda da mu. Laifinta ke nan, ta yarda da mu."

"Tabita, zauna."

"Yallaɓai, a soke gwajin nan gaba ɗaya. Ko a bar wa kowa nasa, a cire nata kawai. Ka san inda za ta koma in an kore ta. Ka san abin da ya sami ƙaninta."

"Na sani," in ji Silas, yana kallon tebur. "Wallahi na sani. Ba daga ni ba ne."

Haliru ya rufe kwamfutarsa. Ya ce in aka fara cire wa mutum don yana da labari mai ban tausayi, kowa na da nasa. Ya ce ita kanta Tabita ta karya doka da ta hau kujera ta tona gwaji, amma ya roƙa an bar maganar saboda gudummawar da ta bayar. Ya faɗi haka da fara'a, da gaske yana jiran godiya.

Da la'asar aka ba Rumaisa takardar sallama. Washegari da safe kuma saƙon hedikwata ya shigo wa ma'aikatan dukkan rassa. An yaba wa sashen tsaro a kan gwaji mafi inganci da bankin ya taɓa yi. An ce wannan ne amfanin shigo da mata da mutanen karkara cikin harkar tsaro, don su suka san zuciyar jama'arsu. A tsakiyar saƙon ga hoton Tabita, wanda ta ɗauka ranar da aka sa ta a kwamiti, tana murmushi da sabon ɗankwali, a ƙasa an rubuta cewa ita ce ta kawo shawarar.

Babu wanda ya zage ta. Jacob ya wuce teburinta bai yi gaisuwa ba. Happiness, wadda suke ƙungiyar mawaƙa ɗaya a coci, ta tsaya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Maman Treasure. Hoton ya yi kyau," ta wuce.

Ranar Asabar da hantsi ta ɗauki Treasure suka je gidan da Rumaisa ke haya. Ɗakin a hargitse, an naɗe katifa an ɗaure da igiya, tukwane a cikin buhu. Yaran suka ruga tsakar gida wasa. Rumaisa ta amsa sallama, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa a kofi, duk yadda ake yi wa baƙo.

"Na zo in gaya miki yadda aka yi," in ji Tabita.

"An turo min. Happiness ta turo min hoton."

"Ban san za su yi haka ba. Na rantse da Allah ban sani ba. Koyarwa na ce a yi."

"Na yarda." Rumaisa ta ci gaba da ninke kayan Basma. "Ke ba muguwa ba ce, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Abu ɗaya nake so in ji. Oga Silas ya ce a zaman kin ba da misali da wata mai dafe ƙirji in wayarta ta yi ƙara. Wace ce?"

Tabita ta dubi kofin ruwan. Da ta so, da ta ce wata ce a cocinsu, kuma da an wuce wurin.

"Ke ce."

"Na sani. So nake in ji daga bakinki." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ko Inna ban taɓa gaya wa ba. Ke kaɗai na gaya wa, ranar da kika same ni a banɗaki ina kuka. Ke kuma kika kai wa mutumin Minna."

"Don in taimake ki ne. Ban faɗi sunanki ba."

"Ai bai bukaci sunana ba, yana da na Basma."

Tabita ta ce za ta rubuta wa hedikwata, za ta ajiye kujerar kwamitin, in ta kama ta ajiye aikin ma. Ta ce su zo su zauna wurinta, Irmiya mijinta ba zai ƙi ba, ɗakin ajiyar nan za a iya gyara shi kafin a samu wani aikin.

Rumaisa ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Wane banki ne zai ɗauki wadda aka kora a kan tsaro? Ko mai POS a bakin tasha ya ji labari. Ni ce mahaukaciyar da ta tayar da gari ba takalmi. Kada ki ajiye aikinki, Maman Treasure, kina da yarinya. Mu biyu mu zauna a gida mu ci me? Kuma ba zan zauna a gidanki ina kallon ki kina fita da safe ba. Ba zan iya ba, ban kai nan ba."

"To makarantar Basma fa?"

"Ta ƙauyenmu a rufe take tun bara. Za ta zauna wurin Inna, ta koyi surfe."

"Hanyar fa? An ce ko makon jiya..."

"Na ji abin da aka ce." Ta ɗaga murya ta kira Basma ta zo ta sa takalmi. "Da rana za mu bi, tare da motocin kasuwa. Kowa haka yake yi."

A waje mai a-kori-kura ya yi hon. Tabita ta tashi ta kama bakin katifar, Rumaisa ba ta hana ta ba, suka fitar da ita tare suka ɗora. Suka koma suka kwaso buhun tukwane, da akwati, da ɗan teburin karatun Basma wanda direban ya ce ba wuri, a bar shi. Rumaisa ta dube shi, ta ce a ba Treasure.

Basma ta hau gaba kan cinyar uwarta, ta leƙo ta taga tana ɗaga wa ƙawarta hannu. "Sai Litinin!"

"Sai Litinin!" in ji Treasure, tana tsalle.

Babu wadda ta gyara musu a cikin iyayen. Motar ta ja, ta karya kwana ta nufi hanyar Kaboji. Tabita ta tsaya a ƙofar gidan da teburin a hannu, yarinyar na jan zaninta tana tambaya ko Basma za ta zo mata da gyaɗa in ta dawo.